Zubar jini a hanji ga mai ciwon ɓargo: yadda muke bin sawunsa har mu tsayar da shi

Yawanci mutum ne da ya haura shekara hamsin. Kwana biyu ko uku yana bahaya baƙi wuluk, mai yauƙi da wani irin ƙarni, in ya miƙe jiri ya kwashe shi. Wani kuma jini ne jajir ke fita da guda-guda. Kafin a kawo shi an riga an ba shi maganin olsa daga kemis, ko an ce basir ne an jiƙa masa saiwa. Ɓangarori biyu ne muke haɗuwa a kansa, mu masu kula da ciki da hanta, da abokan aikinmu masu kula da cututtukan jini, domin inda jinin ke fita daban, inda ciwon ya samo asali daban. Ɓarakar tana hanji, tushen yana cikin ƙashi.

Kafin a yi zancen ɓargo sai an tsare rai. Muna sa kanula, wato allurar ƙarin ruwa, biyu masu faɗi, lamba 16 ko 18, ɗaya a kowane hannu. A wannan hujin muke ɗibar jinin gwaji gaba ɗaya: ƙidayar ƙwayoyin jini, rukuni da gwajin dacewa, aikin ƙoda da na hanta, da INR, wato awon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Akwai guda biyu da ake yawan mantawa, kuma dole a ɗauke su kafin ledar jini ta farko ta shiga: shafin jini a kan gilashi, da awon sinadarin ƙarfe. Da zarar jinin wani ya gauraya da nasa, hoton da ke kan gilashin ya gurɓace. PCV na farko kuwa, wato awon yawan jajayen ƙwayoyi a jini, ba ma yarda da shi sosai, don wanda ya zubar da jini yanzu-yanzu awonsa bai sauka ba tukuna, sai bayan sa'o'i. Bugun zuciya da ya haura 100 a minti, da awon jini na sama da ya gaza 100, da sanyin tafin hannu, su suka fi faɗin gaskiya a wannan lokacin.

Wurin da muka fi shan ja-in-ja da dangi shi ne ƙarin jini. Suna so a yi ta ƙarawa har ya cika. Mu kuwa ba ma rataya leda sai himogulobin ya sauka ƙasa da giram 7, wato PCV kusan 21, kuma muna tsayawa tsakanin 7 da 8. Mai ciwon zuciya ne muke ɗaga wa ma'aunin. Dalili shi ne jijiyar da ta fashe, cika ce ta fasa ta. In aka tumbatsa jini, matsin ya koma yadda yake, ɗan gudan da ya toshe ƙofar ya ɓalle. Binciken da aka yi a Basalona kan mutum 921, wanda aka buga a 2013, ya nuna waɗanda aka taƙaita wa ƙarin jini sun fi tsira kuma jininsu bai cika sake ɓallewa ba. Amma wanda jini ke kwarara daga jikinsa kuma awonsa na faɗuwa, ba a jiran takardar gwaji, ƙara masa ake yi. Abubuwa biyu kuma sun keɓanta da mai ciwon ɓargo. Leda ɗaya da ta saba ɗaga himogulobin da giram 1 ba lalle ta yi hakan a nan ba, saboda ƙatuwar saifa tana riƙe wani kaso. Sannan in akwai tunanin dashen ɓargo nan gaba, muna roƙon kada 'yan'uwansa na jini su ba shi nasu kai tsaye. Su bayar a ajiye a ma'ajiya, a ba shi na bare, don kada jikinsa ya fara ƙin jinin wanda zai ba shi ɓargo gobe.

Yayin da ruwa ke shiga, hannu na kan ciki. Laluben saifa daga ƙasan cibiya ta dama muke farawa, mu taho a karkace zuwa haƙarƙarin hagu. Wanda ya fara daga ƙarƙashin haƙarƙari zai ɗora hannu a tsakiyarta, ya ce bai ji bakinta ba, alhali ta riga ta wuce cibiya. Saifar mai lafiya ba ta wuce santimita 12 zuwa 13, nauyinta kusan giram 150, kuma hannu ba ya kai gare ta. A nan za ka ji ta tauri, da ɗan gibi a gefenta, sau da yawa da tabon tsagar wanzami a fatar da ke kanta, shaidar cewa ta daɗe tana damunsa. Sai mu tambaya: "Baba, tun yaushe kake jin wannan ƙullutun? Kana ƙoshi da loma kaɗan? Gumi na jiƙa maka riga da dare? In ka yi wanka jikinka na ƙaiƙayi?" Muna kuma sa a zazzage jakar magunguna a gabanmu. Abin da muke nema asfirin ne, da hodar ciwon kai da ake sayarwa a tireda wadda asfirin ce a ciki, da daikulofenak, da wafarin mai tsinka jini, da Jakavi na ciwon ɓargo.

Ga yadda ɓargo ke jawo wa hanji wannan. Jinin da ya gama zagaya hanji da tumbi da saifa ba ya komawa zuciya kai tsaye. Yana taruwa a wata babbar jijiya da muke kira jijiyar ƙofar hanta, wadda ke kawo kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta ke samu. Bambancin matsi tsakanin wannan jijiya da wadda ke fita daga hanta bai wuce milimita 5 a ma'aunin matsi ba ga mai lafiya. In ya kai 10 jijiyoyin gefe sun fara kumbura, daga 12 kuma suna iya fashewa. Kamar kwalbatin da ya toshe da damina ne: ruwan ba ya tsayawa, lunguna yake bi, kuma lungu ba a gina shi don ɗaukar ambaliya ba.

Cututtukan ɓargon da ke yin haka dangi ɗaya ne, waɗanda ɓargo ke haifar da ƙwayoyin jini fiye da kima: mai yawaita jajayen ƙwayoyi, mai yawaita filatilet masu tsayar da jini, da ƙeƙashewar ɓargo da ake kira miyelofaiburosis. Ta hanya uku suke ɗaga matsin, kuma sau da yawa biyu ko duka ukun na haɗuwa a jikin mutum guda. In ɓargo ya ƙeƙashe, saifa ce ke karɓar aikin ƙera jini, ta yi girma, jinin da take turowa ya ninka. Hanta ma tana karɓar wannan aiki, ƙwayoyin da ke ƙera jini su cunkushe ƙananan hanyoyinta. Ta uku, wadda ta fi muni, jinin waɗannan mutane yana da saurin daskarewa, kuma ya fi son daskarewa a jijiyoyin ciki. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2012 ya sami irin wannan ciwon ɓargo a kusan kashi 40 cikin 100 na masu toshewar jijiyoyin da ke fita daga hanta, da kusan kashi 30 na masu toshewar jijiyar ƙofa waɗanda hantarsu ba ta lalace ba. Inda gudan jini ya toshe, nan kusa jijiyoyin gefe ke kumbura. Shi ya sa a wurinsu ake samun kumburin a wuraren da ba a saba ba: farkon ƙaramin hanji, tsakiyarsa, babban hanji, dubura, ko inda hanji ya manne da tabon tsohuwar tiyata. Irin waɗannan ba su wuce kashi 5 cikin 100 na duk zubar jinin kumburarrun jijiyoyi ba, amma su suka fi wuyar gani.

Da mun ji saifa haka tare da baƙin bahaya, ba ma jiran na'ura, muna fara maganin rage matsi. Oktiriyotaid maikirogiram 50 a jijiya lokaci guda, sannan maikirogiram 50 kowace awa, kwana 2 zuwa 5. Ko talifiresin miligiram 2 duk bayan awa 4, a rage zuwa miligiram 1 in jini ya tsaya. A wannan rukunin mun fi karkata ga oktiriyotaid. Talifiresin yana matse jijiyoyin hanji, kuma hanjin da jijiyarsa ke da gudan jini ba ya buƙatar ƙarin matsa. Yana kuma saukar da gishirin jini, musamman ga masu lafiyayyar hanta, wato su ɗin nan. In shi ne a hannu, a auna sodiyam kullum, a kuma guje shi ga mai ciwon jijiyoyin zuciya. Muna ƙara seftiriyazon, maganin kashe ƙwayoyin cuta, giram 1 a rana, kada ya wuce kwana 7. Tiranekzamik, maganin tsayar da jini da ake saurin ɗauka, babban gwajin da aka buga a 2020 ya nuna ba ya rage mutuwa a zubar jinin ciki, kuma yana ƙara daskarewar jini a jijiya, abin da wannan mutum ya riga ya ke fama da shi. Ba ma ba da shi. Asfirin da wafarin ana dakatar da su. Jakavi kuwa, wato ruksolitinib, kada a yanke shi farat ɗaya don an ce majinyaci kada ya ci kada ya sha. Yanke shi haka na iya sa saifa ta sake kumbura cikin kwanaki, zazzaɓi ya taso, awon jini ya faɗi. A kira likitan jini ya rage shi a hankali in ragewar ta zama dole.

Leƙa ciki da na'ura ta baki muna yin sa cikin awa 12, bayan awon jini ya daidaita. Eritiromaisin miligiram 250 a jijiya, minti 30 zuwa 120 kafin a fara, yana kore jinin da ya taru a tumbi a sami gani. Mai aman jini a lokacin, ko wanda hankalinsa ya gushe, sai an sa masa bututun numfashi tukuna. In kumburin yana ƙasan hanyar abinci, aikin sananne ne: a zuƙo jijiyar cikin hular na'ura har allon ya yi jajir, a saki zoben roba, a fara daga bakin tumbi a hauro sama a zagaye. Matsalar ita ce ranar da aka leƙa aka tarar da hanyar abinci fes, tumbi fes, ko ƙananan jijiyoyi da ba su da alamar sun taɓa fashewa. A nan ne ake rubuta "ɗan kumburin tumbi", a ba da omefirazol, a sallami mutum, ya dawo bayan mako biyu jini ya kusa ƙare masa.

Don haka muna tura na'urar har lanƙwasa ta biyu da ta uku ta farkon hanji, kuma muna rage iska. Iska mai yawa tana shafe kumburarriyar jijiya ta kwanta, ka wuce ta ba ka sani ba. In an zuƙe iskar sai ka ga ta taso: wani tudu mai santsi yana ratsa ninkin hanji a karkace, launinsa ɗaya da naman da ke kewaye, ba lalle ya yi shuɗi ba, wani lokaci da ɗan farin ɗigo a ƙoƙuwarsa inda gudan jini ya liƙe. In an taɓa shi da rufaffen hantsaki yana lotsawa, ya dawo. Abin da ba a yi, ko kusa, shi ne gutsuro nama daga irin wannan tudun don a kai gwaji. An sha ɗaukarsa a matsayin tsiro, kuma jinin da ke biyo baya ba ya tsayawa da sauƙi. Haka ma a dubura: kumburarriyar jijiyar da ta hauro sama da bakin dubura ba basir ba ce, kuma yanke ta, a asibiti ne ko a gida, na iya zama ajali.

In ba mu ga komai ta sama ba, hoton CT muke nema kafin komai, tare da ruwan allura mai haska jijiyoyi. Dole a ɗauki zagaye na biyu, kusan daƙiƙa 70 bayan allurar, lokacin da jijiyar ƙofa ta cika, kuma kada a ba majinyaci farin ruwan sha mai haska hanji, don yana rufe abin da ake nema. Ba ma wadatuwa da rahoton da aka rubuta. Muna zuwa mu zauna da likitan hoto a gaban allo. Jijiyar ƙofa a buɗe take, ko ta toshe ta zama curin ƙananan jijiyoyi? Ta saifa fa, da ta hanji? Jijiyoyin da ke fita daga hanta suna gudana? Ina kumburarriyar take a bangon hanji, wace ce ke shayar da ita, ta ina take zubarwa? Amsoshin nan su ke zaɓar magani, ba gwanintar wanda ke riƙe da na'ura ba. Inda babu CT, sikanin mai nuna gudun jini yana iya nuna jijiyar ƙofa da ta wuce milimita 13 ko ta toshe, kuma wannan ya isa dalilin tura mutum babbar cibiya ba tare da ɓata lokaci ba. Leƙa ta ƙasa na biyo baya. Ƙaramin hanji kusan mita 6 ne, na'urorin biyu bakinsa kawai suke taɓawa. Tsakiyar sai da kyamarar da ake haɗiya, ko doguwar na'ura mai balan-balan biyu da aka ƙirƙiro a Jafan a 2001.

A ƙasashenmu, ƙatuwar saifa da aman jini ba ɓargo suke fara kawowa a rai ba, kuma da gaskiya. Ciwon hanta nau'in B ya fi yawa nesa ba kusa ba. Tsargiyar hanji tana ƙeƙasa kewayen jijiyoyin hanta ga masu noman rani da masunta, an kuma san ta sosai a yankin Jazira na Sudan. Maleriya mai maimaituwa ma tana kumbura saifa. Duk muna gwada su. Abin da ke juyo da hankalinmu ga ɓargo yana kan gilashin nan da aka shafa tun farko: jajayen ƙwayoyi masu siffar ɗigon hawaye, da 'ya'yan ƙwayoyin da ba su nuna ba, waɗanda bai kamata su fito daga ƙashi ba. Akwai kuma wani tarko. Ƙatuwar saifa tana cinye filatilet, don haka mai irin wannan saifa ya kamata a ga nasa sun yi ƙasa. In aka ga saifa har cibiya, jijiyar ƙofa a toshe, amma filatilet 300,000 lafiya lau, wannan lafiyar ita ce abin zargi: ɓargo na zubo su da yawa, saifa na kwashe rarar. Shi ya sa duk mai toshewar jijiyoyin ciki muke masa gwajin JAK2 ko da ƙidayar jininsa ta yi kyau. An gano wannan sauyin ƙwayar halitta a 2005. Yana cikin kusan kashi 95 na masu yawan jajayen ƙwayoyi, da fiye da rabin masu sauran biyun. In bai fito ba a nemi wasu sauye-sauyen, CALR da MPL, a kuma tabbatar babu BCR-ABL, sauyin da ke nuna wani nau'in sankarar jini.

Toshe ɓarakar ya danganta da inda take. In na'ura na kaiwa, gam muke sawa, ba zobe ba. Jijiyar hanji takan fi hular faɗi, zoben ya kama rabinta, bayan kwanaki ya faɗi ya bar gyambo a kan jijiya mai gudana, ga bangon hanji siriri. Ana haɗa gam ɗin, Histoacryl, rabin mililita da man Lipiodol rabin mililita zuwa 0.8, don ya jinkirta daskarewa kuma ya fito a hoto. A fara wanke allurar da Lipiodol, a shafa man silikon a bakin na'ura, kowa ya sa tabarau. A soka cikin jijiyar kanta, a tura, kada ya wuce mililita 1 a suka ɗaya, a bi shi da tataccen ruwa, ba ruwan gishiri ba, don gishiri na sa shi ya daskare cikin allura. A zare allurar ana ci gaba da tura ruwa, kuma kada a taɓa maɓallin zuƙa na ɗan lokaci, in ba haka ba gam ya shiga na'urar ya kashe ta. Sai a sake taɓa tudun: in ya yi tauri an gama, in da sauran laushi a ƙara. Haɗarinsa shi ne gam ya bi jini ya tafi huhu, musamman in an tura da yawa ko an tsinka shi fiye da kima. Tari ko haki nan take bayan allura, alama ce da ba a raina ta.

In na'ura ba ta kaiwa, aikin likitocin da ke bi ta cikin jijiya ne. Suna iya shiga ta hanta ko ta saifa su cusa ƙananan wayoyi da gam a jijiyar da ke shayar da kumburin, ko su biyo ta inda take zubarwa su toshe da balan-balan su zuba maganin ƙona ta. Duk waɗannan ƙofa suke rufewa, matsin yana nan, kuma zai nemi wata. Mai sauke matsin shi ne TIPS, wani bututu mai faɗin milimita 8 zuwa 10 da ake ratsa hanta da shi ya haɗa jijiyar ƙofa da mai fita, a saukar da bambancin ƙasa da 12. Masu ciwon ɓargo sukan jure shi fiye da masu lalatacciyar hanta, amma a duba zuciya da matsin jijiyoyin huhu tukuna, kuma bututun na saurin toshewa in ba a tsinka jini ba. Jijiyoyin hanji suna iya sake zuba ko bayan matsin ya sauka, don haka mun fi so a haɗa TIPS da toshe jijiyar a zama ɗaya. In kuwa jijiyar saifa kaɗai ce ta toshe, ta ƙofa a buɗe, TIPS ba shi da amfani. Saifar za a nufa.

Cire saifa yana da daɗin faɗi, dangi ma kan nemi a yi, amma ga mai ƙeƙasasshen ɓargo babban aiki ne. Rahoton asibitin Mayo na Amurka a 2000, kan mutum 223, ya nuna kashi 9 cikin 100 sun rasu sanadin tiyatar. Bayanta filatilet na iya tashi sama da miliyan, jijiyar ƙofa ta toshe, hanta ta kumbura don ta gaji aikin saifa. In ya zama tilas, a saukar da filatilet ƙasa da 400,000 kafin a shiga, a yi rigakafin nimoniya da sanƙarau mako biyu kafin ranar in lokaci ya bari, kuma a sanar da shi cewa daga yau maleriya ba ƙaramin ciwo ba ce a gare shi. Yanke guntun hanjin da ke zuba shi ne mafita ta ƙarshe, lokacin da sauran suka gagara ko babu su.

Magana mafi nauyi tana zuwa bayan jini ya tsaya. Mutumin da ya kusa mutuwa da zubar jini, sai mu zo mu ce za mu ba shi maganin tsinka jini. Ɗansa zai ce: "Likita, anya? Jinin da muka sha wuya kafin ya tsaya?" Sai mu buɗe masa hoton mu nuna masa toshewar. In gudan ya ci gaba ya shiga jijiyar hanji, matsin zai ƙaru, zubar ta dawo, ko hanjin ya mutu. Mai ciwon ɓargo da jijiyoyin cikinsa suka toshe, tsinka jini na tsawon rai ne a gare shi. Abin da muke aunawa shi ne lokaci: sai an toshe ɓarakar, bahaya ya koma launinsa, himogulobin ya tsaya cak na 'yan kwanaki. Muna farawa da allurar Clexane, don in jini ya ɓalle ana iya tsayar da ita ta fita da wuri. Cikakken awonta miligiram 1 ga kowane kilo sau biyu a rana, a rage in ƙoda ta raunana. Filatilet sama da 50,000 a ba da cikakke, tsakanin 25,000 da 50,000 rabi, ƙasa da haka a dakata. Daga baya a koma wafarin, INR tsakanin 2 da 3. Ganye na taɓa aikin wafarin, amma ba ma hana shi zogale ko alayyafo ko miyar kuka, abin da muke so ya ci daidai yadda ya saba, kada wannan mako ya cika, mako mai zuwa ya daina. Flagyl da Septrin suna haura INR, rifamfisin na maganin tarin fuka yana saukar da shi. Asfirin a kan wafarin kuwa, ga mai kumburarrun jijiyoyi, ba ma haɗawa.

Wannan ɗan tsakanin kafin a fara tsinka jini, shi ne lokacin ɗibar ɓargo. A bayan ƙashin ƙugu ake shiga. Sau da yawa sirinji na dawowa wayam, ba don an kuskure wuri ba, ƙeƙashewar ce ta hana, don haka dole a yanko ɗan sandan ƙashi, santimita 1.5 zuwa 2, a rina shi a auna tabon daga mataki 0 zuwa 3. Daga nan likitan jini ke tsara nasa. Mai yawan jajayen ƙwayoyi a riƙe PCV ɗinsa ƙasa da 45, da haidiroksiyuriya mai rage yawan ƙwayoyin. Mai ƙeƙashewa da ƙatuwar saifa, ruksolitinib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2011, yana rage saifar. Awonsa na bin filatilet, miligiram 20 sau biyu a rana in sun haura 200,000, 15 tsakanin 100,000 da 200,000, 5 tsakanin 50,000 da 100,000. Kafin a fara a gwada ciwon hanta nau'in B da tarin fuka, don yana tayar da su daga barci. In filatilet sun haura miliyan, su kansu suna jawo zubar jini, saboda suna cinye sinadarin da ke taimaka musu mannewa. Saukar da su ake yi. Dashen ɓargo ne kaɗai ke warkar da ƙeƙashewar, kuma ba kowa ne jikinsa ko aljihunsa ke ɗauka ba.

Ranar sallama yana tafiya da maganin rage matsi na sha: kabedilol miligiram 6.25 a rana, a kai shi 12.5, ko furofaranolol miligiram 20 zuwa 40 sau biyu, ana ƙarawa har bugun zuciya ya zauna tsakanin 55 da 60, muddin awon jini na sama bai sauka ƙasa da 90 ba. In an sa zobba a hanyar abinci, ya dawo duk bayan mako 2 zuwa 4 har jijiyoyin su ɓace. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe muna ba mai ƙeƙashewa in awonsa ya nuna rashi, amma ba a ba mai yawan jajayen ƙwayoyi sai da sanin likitan jini. Ƙwayar tana baƙanta bahaya, don haka muna koya wa mai jinyarsa bambancin: na magani baƙi-baƙi ne mai ɗan kore, a dunƙule, ba ƙarni, na jini yana yauƙi, yana mannewa, warinsa ba ya ɓuya. Muna rubuta masa takarda ya riƙa yawo da ita, da sunan ciwon ɓargonsa, da wurin da jijiyar take, da abin da aka sa mata, da magungunan da yake sha, da gargaɗin kada a gutsuri nama a wurin. In baƙin bahayan ya dawo, ko jiri, ko ciwon ciki mai tsanani bayan cin abinci, ya dakatar da wafarin na ranar ya taho asibitin da ke da jini da na'urar leƙa ciki, ko da tsakar dare ne.